SILVERTON: Ƙauyen da aka ɗauki ƙarshen duniya

Duk wanda ya taɓa hayar kaset ɗin 'Mad Max 2' ba zai manta da titin nan ba. Baƙin kwalta ne miƙaƙƙe kamar zare, dama da hagu jar ƙasa, babu gida babu bishiya, ga tankar mai tana zabga gudu, ga wasu tantiran 'yan daba a kan babura suna bin ta kamar kuraye. Da yawa daga cikin 'yan kallo sun ɗauka a Amurka aka yi shi. To ba can ba ne. Titin yana nan daram a ƙasar Ostireliya, a bayan wani ƙauye da ake kira Silverton, wanda mutanen cikinsa ba su wuce 50 ba.

Zuwa wurin kansa aiki ne. Daga birnin Sidni sai matafiyi ya shafe sama da kilomita 1,100 yana yin yamma kafin ya isa Broken Hill, garin masu haƙar ma'adinai. Saboda tsabar nisa, agogon garin ma ba ya tafiya da na Sidni duk da jiharsu ɗaya. Lokacin Adelaide suke bi, don ta fi kusa. Daga nan sai a ƙara kilomita 25 a kan wata hanya mai hawa da gangara, wadda duk wanda ya cika cikinsa kafin ya hau ta zai yi da-na-sani.

Abin da zai fara tarbar baƙo a Silverton shi ne jakuna. Yawonsu kawai suke yi a tsakiyar gari, har ƙofar otal suke zuwa neman abin taɓawa. Titunan faɗi gare su kamar na babban birni, amma na ƙasa ne, gidajen kuma tsilli-tsilli, wannan can wancan can. Dalili kuwa shi ne a shekarun 1880 gari ne na sosai, mai mutum wajen 3,000, lokacin da ake tonon azurfa. Da aka gano wadda ta fi ta yawa a Broken Hill, sai jama'a suka fara zarewa. Wasu ba kaya kaɗai suka kwasa ba, har gidajensu suka ciccire suka ɗora wa dabbobi suka ja. Abin da ya rage sai gine-ginen dutse: coci, kurkuku, makaranta, da otal. Wato tun kafin masu fim su zo, garin ya riga ya ga irin nasa ƙarshen duniyar.

Wannan kufai shi ya ja hankalin darakta George Miller a 1981. Shi dai Miller asalinsa likita ne, ya yi aiki a sashen da ake kawo waɗanda suka yi haɗarin mota, kuma ana ganin tasirin hakan a yadda yake ɗaukar karo. Fim ɗinsa na farko, 'Mad Max' na 1979, da ɗan ƙaramin jari aka yi shi a kewayen Melbourne, ya kuma fito da wani yaro da ba a sani ba mai suna Mel Gibson. Da kuɗi suka shigo, sai aka nemi lokeshin da babu alamar gwamnati ko doka a cikinsa.

Labarin ba shi da wani tsawo. Duniya ta rushe, fetur ya fi ran mutum tsada. Wasu bayin Allah sun killace kansu a wata 'yar matatar mai a tsakiyar daji, bos ɗin fim ɗin, Humungus, mai rufe fuska da ƙarfe, ya yi masu zobe da yaransa. Max ya shigo da baƙar motarsa ƙirar Ford Falcon da karensa, ba don tausayi ba, shi dai a cika masa jarkoki ya kama gabansa. Wanda ya taɓa kwana a layin mai ko ya sha tsada a hannun 'yan bumburutu ba sai an yi masa dogon bayani ba. A ƙarshe Max ya ja tankar, aka yi ta kashe juna a kanta, da ta kife sai ga yashi yana zuba. Ashe man yana cikin durom-durom a motocin da suka sulale ta wata hanyar.

Inda aka kifar da tankar bai da nisa da ƙauyen. Mintoci kaɗan a mota sai ga wani tudu da ake tsayawa a kalli filin Mundi Mundi. Nan ne wurin da ya fi tsaya wa mutum a rai. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya har iyakar ganin ido, babu abin da ya tsaya a kanta, sai titin da ya gangara ya ɓace. Da yamma in rana ta zo faɗuwa komai sai ya koma ja. Ba a jin komai sai iska. A fim an nuna wurin kamar wuta ake hurawa, amma da sanyin hunturu aka yi ɗaukar, 'yan wasan da aka sa wa guntayen fatu kuwa sun ji jiki. Kuma babu dabarar kwamfuta a lokacin. Akwai fitowar da wani mai yin stant, Guy Norris, ya tashi sama daga kan babur yana juyi kamar farfela. Haɗari ne na gaske, ƙafarsa ta karye, aka kuma bar hoton a fim ɗin. Matatar man ma da gaske aka gina ta a kusa da Broken Hill, da gaske aka tarwatsa ta.

A kan duwatsun da ke gefen filin yanzu akwai dogayen fankoki 58 masu samar da lantarki daga iska. A wurin da aka yi fim kan kisan kai saboda fetur!

A cikin ƙauyen akwai gidan tarihi na 'Mad Max 2' da aka buɗe a 2010. Wani Bature ne daga Ingila, wanda fim ɗin ya shiga ransa tun yana matashi, ya tattaro iyalinsa ya dawo nan dungurungum. Ya tara hotuna da tufafi da motoci, wasu na asali wasu kwaikwayo, har da ƙarafan da aka tono daga inda aka yi ɗaukar. Masu cewa 'yan kallonmu sun cika zaƙewa kan jarumai, to ga wanda ya bar ƙasarsa saboda fim ɗaya.

Sai dai akwai gyara kan abin da aka saba faɗa. A 'Mad Max 2' rikicin mai aka fi nunawa. Sai a na uku, 'Beyond Thunderdome' na 1985, wanda mawaƙiya Tina Turner ta fito a matsayin sarauniyar Bartertown, aka fito fili da maganar yaƙin nukiliya: ga mai tallar ruwa mai guba, ga yara a ɓoye a kwazazzabo suna ba da labarin ranar da wuta ta ci birane, ga Sidni ta zama kango.

Ga Ostireliya wannan ba tatsuniya ba ce zalla. Can yamma, a hamadar jihar da ke maƙwabtaka, akwai Maralinga, inda Birtaniya ta tayar da bama-baman nukiliya bakwai a 1956 da 1957, bayan biyu da ta tayar a Emu Field a 1953. Ƙasar tana da masu ita, 'yan asalin nahiyar da ake kira Anangu. An kwashe su daga inda kakanninsu suka rayu, wasu ba a ma same su an gargaɗe su ba, ƙura ta bi ta kansu. Hukumar binciken da gwamnati ta kafa ta miƙa rahotonta a 1985, shekarar da 'Thunderdome' ya shiga sinima, ta kuma tabbatar cewa wurin na nan da guba. Aikin share shi sai a 2000 aka kammala. Dattawan Nijeriya sun san irin wannan fargabar: Faransa ta tayar da nata a Reggane cikin Saharar Aljeriya a Fabrairun 1960, inda iskar hunturu ke tasowa, kuma a Janairun 1961 Nijeriya ta katse hulɗa da ita kan batun. Waɗanda suka rayu bayan bam na gaske ba su da mota mai gudu, ba su da jarumi, kuma fim ɗinsu bai yi kasuwa irin ta Max ba.

Wani abin dariya shi ne yadda Silverton ta rasa fim na huɗu. An gama shiri za a ɗauki 'Fury Road' a nan, an kawo motoci, sai aka tafka ruwan saman da aka daɗe ba a ga irinsa ba a 2010 da 2011. Filin Mundi Mundi ya yi kore shar, furanni ko'ina. Makiyaya na murna, furodusoshi na kuka, don ba a yin ƙarshen duniya a cikin lambu. Aka jira, ciyawa ta ƙi bushewa, sai aka loda motocin a jirgin ruwa aka nufi hamadar Namibiya a 2012. Fim ɗin ya fito a 2015 tare da Tom Hardy da Charlize Theron, ya lashe kyautar Oscar shida, masu otal da masu abinci na Broken Hill kuwa suka tashi a tutar babu.

Miller bai manta da su ba. A 2022 ya dawo da tawagarsa aka ɗauki wani sashe na 'Furiosa' a Silverton, fim ɗin ya fito a 2024. Da aka gama, manyan motoci suka kwashe kaya suka bi hanyar Broken Hill, jakunan suka koma ƙofar otal.