Wa Ke Da Ikon Tsalle Daga Kan Gada?

A Amurka akwai masu wasan dirowa da laima daga kan dogon gini, gada ko tsauni. Doka ta hana wannan wasa a yawancin gandun dajin gwamnati, don haka wasu kan saci jiki su yi shi a ɓoye, inda babu mai ceto. Amma gadar New River Gorge, mai tsayin ƙafa 876, akan buɗe musu ita rana guda a shekara, Asabar ta uku ga watan Oktoba, jiragen ceto suna jira a ƙasa.

Ni da na tashi a unguwar Hubbare, wannan tsari bai zame mini baƙo ba. A Argungu, maƙwabtanmu, akan hana kamun kifi a Matan Fada har ranar biki, sannan Sarkin Ruwa ya ba da izini a shiga a idon jama'a. Su kuwa yaranmu masu faɗawa kogin Rima da damina, babu mai hana su da gaske, babu kuma mai gadinsu. Sai ruwa ya ci ɗaya, a yi ta salati, a ce daga yau an hana. Na fi son hukuma ta ware musu wuri da lokaci, ta ɗauki masunta su tsaya a bakin ruwa.