Malam Bello Kagara, Mai Littafin Ganɗoki

Duk wanda ya taɓa zama a dandalin Riko da maraice ya san yadda tsofaffi kan ba da labarin yaƙi. Wannan ya ce kakansa ya ga dawakin Maraɗi, wancan ya ce nasa ya ga lokacin da Turawan Ingila da na Faransa suka kafa iyaka tsakanin dangi. Amma in tsoho ya rasu, labarin sai ya bi shi kabari. Malam Muhammadu Bello Kagara yana cikin waɗanda suka fara sa irin wannan labari a takarda da boko.

An haife shi a Kagara cikin 1890, mahaifinsa alkali ne. Cikin 1901 Turawa suka ci Kwantagora, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya fita da jama'arsa. Watau a ƙasarsu aka yi abin, shi kuwa ya riga ya yi wayo. Bayan karatun Alƙur'ani ya shiga makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano. Daga bisani ya koyar a Kwalejin Katsina shekaru da yawa, sa'an nan ya yi alkalanci, har aka naɗa shi Walin Katsina.

Cikin 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya sa gasar ƙaga labari. Ƙanen Malam Bello, Abubakar Imam, ya aika da Ruwan Bagaja, shi kuwa ya aika da Ganɗoki, aka buga su cikin 1934. To, a nan abin mamaki yake. Bature ne mai duba takardun, mulkin Turawa kuwa yana kan ganiyarsa, ga malami mai cin albashinsu ya kawo labarin jarumin da ya yi yaƙi da su. Ya sa tsoho Ganɗoki yana ba 'yan makaranta labari da bakinsa, yana kirari, tun daga Kwantagora da Bida har Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada cikin 1903. Sarakunan na gaske ne, garuruwan na gaske ne, Ganɗoki kuwa ƙagagge ne.

Wani mutumin Sukotlan, Walta Sukot, shi ma ma'aikacin shari'a, ya yi haka cikin 1814. Ya ƙaga saurayi ya jefa shi cikin yaƙin 1745, wanda aka ci mutanen duwatsun ƙasarsu, don ya ji labarin a bakin tsofaffin da suka gani.

Bayan Burmi sai littafin Ganɗoki ya sake hanya, ya shiga ƙasashen aljannu da dodanni. Mai neman tarihi yakan ji haushin wannan rabi, da gaskiyarsa, gama na farkon ya fi shi nauyi. Amma fa a duba. Bayan 1903 ina sauran fagen da mai takobi zai ci nasara a ƙasar Hausa? Babu. Sai da marubucin ya kai jaruminsa inda bindigar Turawa ba ta kaiwa, sa'an nan ya komo da shi gida, ya tarad da jirgin ƙasa da makarantu, ya ajiye makamai ya zauna.

Malam Bello ya kuma rubuta tarihin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Ya rasu cikin 1971.