Burin Masoya Katin Tarot

Katin tarot ya samo asali ne a arewacin Italiya a ƙarni na 15, inda manyan fada ke wasan karta da shi. Duba da shi kuwa sai a ƙarni na 18 ya yaɗu a Faransa.

Mai sha'awarsa da ya samu dukiya ba iyaka, da wuya hankalinsa bai koma Milan ba. Don gidan sarautar Visconti da Sforza na can aka zana wasu katuna da hannu, da adon zinariya. Yau sun warwatse: 35 suna ɗakin karatu na Morgan a New York, 26 suna Accademia Carrara a Bergamo, 13 na hannun wani gida. Burin shi ne a tara su zaure guda, ko da yake huɗu sun ɓace, har da katin Shaiɗan da na Hasumiya.

Wata ta cika nata burin. Niki de Saint Phalle ta gina lambu a Tuscany mai gumaka 22, adadin manyan katunan tarot, aka buɗe shi a 1998. Wani ɓangare na kuɗin daga cinikin turarenta ya fito.