Daga Tudu Zuwa Nima: Yadda Ake Gane Makarantar Kirki

Duk wanda ya san birnin Akra, wanda tsofaffinmu ke kira Ankara, ya san Tudu. Unguwa ce a tsakiyar gari, tana maƙwabtaka da kasuwar Makola, kuma nan ne tashar motocin da ke zuwa Aflawo, bakin iyakar Togo. Tun da sanyin safiya ake cika, ga 'yan dako da kaya a ka, ga 'yan canji, ga masu koko da ƙosai, ga Hausa tana tashi ta ko'ina kamar mutum yana Kantin Kwari. Tudu tana cikin tsofaffin mazaunan Musulmi a Akra, ita da zangon da Malam Idrisu Naino ya zauna a ƙarni na 19, kafin ɗansa Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. A yau shaguna sun cinye gidaje da yawa, iyalai kuma sun koma Nima da Mamobi da Fadama da Madina, sai dai a zo kasuwa da safe a koma da yamma.

Abin da ya sa na fara da Tudu shi ne, mutanenta gwanayen awo ne. Hajiyar da ke sayar da atamfa ba ta biyan kuɗin dila sai ta kwance ta duba, ɗan canji ba ya karɓar takarda sai ya ɗaga ta ya shafa. Ba su cinikin biri a sama. Amma idan aka zo maganar makarantar da 'ya'yansu ke zuwa, waɗanda suka fi dila daraja, sai ka tarar da yawanmu mun saya a ƙulle. An kai yaro, an ɗinka masa riga, ana ba shi kuɗin tara kullum, shi ke nan sai jiran sakamako bayan shekaru. To yaya uba ko uwa za su gane cewa makarantar gwamnatin da ke unguwarsu tana aiki? Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki hanyar Nima.

Daga tsakiyar gari mutum zai shiga tirotiro, ya bi ta Kanda, inda babban Masallacin Ƙasa yake, wanda aka buɗe a 2021, sai ga shi a Nima. Unguwar ta samo asali ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya sami wurin zama daga hannun mutanen Ga masu ƙasa. Yau kuwa ba masaka tsinke. Kotokoli da Zabarmawa da Dagomba da Mosawa da Fulani da Wangarawa da Hausawa duk suna zaune gida ɗaya, kuma Hausa ce ta haɗa su. Babban kwalbatin nan da kowa ya sani ya ratsa tsakanin Nima da Mamobi. Ranar Laraba kuwa, ranar kasuwa, hatsi da albasa da kayan yaji sukan toshe hanya.

A cikin lungunan nan akwai makarantu iri uku. Akwai na kuɗi, waɗanda wasunsu gida ne aka raba ɗakuna. Akwai na gwamnati zalla, waɗanda akan tara biyu ko uku a fili ɗaya. Akwai kuma na Turanci da Larabci da ke ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci, wanda aka kafa a 1987 a cikin Hukumar Ilimi ta Gana, wato GES. Waɗannan na ƙarshe su ma na gwamnati ne, domin ita ke turo malaman boko tana biyansu. Wannan sashe ya taimaka ƙwarai wajen cire wa iyayenmu tsoron da suka daɗe da shi, na cewa boko hanyar raba yaro da addininsa ce.

Ta fuskar shiga makaranta an yi nisa. Tsarin mulki na 1992 ya wajabta ilimin farko kyauta ga kowane yaro. A 2005 gwamnati ta soke kuɗin makaranta a duk ƙasa ta koma ba makarantu kuɗi bisa yawan yaransu, a shekarar kuma aka fara shirin ciyar da ɗalibai. A 2010 hukumar birnin Akra, a zamanin magajin gari Alfred Vanderpuije, ta soke tsarin nan na 'yan safe da 'yan rana, wanda ya sa yara da yawa gararamba da sunan ba lokacinsu ba ne. A 2017 aka mayar da babbar sakandare kyauta. Ƙofa dai ta buɗu. Abin tambaya yanzu shi ne me ake samu bayan an shiga.

Idan ka tambayi iyaye a Nima wace makaranta ce mai kyau, amsa ba ta wuce uku: wadda yaranta ke cin BECE, wadda yaranta ke jin Turanci, da wadda ke da bene da fenti. Masu makarantun kuɗi sun san haka, shi ya sa za ka ga ƙyalle a bakin ƙofa an rubuta cewa kowa ya ci, har da hotunan yara.

Bari mu ɗan tsaya a kan BECE, tunda ita ce mudun da kowa ke awo da shi. Hukumar WAEC ce ke shirya ta, an kuma fara ta a 1990, bayan gyaran tsarin ilimi na 1987. Ana ba da daraja daga 1 zuwa 9 a kowane darasi, 1 ce mafi kyau. Sai a haɗa darussa shida, wato Turanci da lissafi da kimiyya da ilimin zaman jama'a da wasu biyu da yaro ya fi ƙoƙari a cikinsu. Wanda ya tashi da jimla 6 ya kai ƙarshe. Tun 2005 kwamfuta ce ke raba yara zuwa manyan sakandare bisa sakamakonsu da zaɓinsu. A 2024 kuma aka fara rubuta Larabci a cikinta, abin da ya faranta ran mutanen zango.

Jarrabawa ce mai muhimmanci, amma ba ta isa auna firamare ba. Na farko, tana zuwa a makare. Yaro ya yi shekara 2 a ajin share fage, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, sannan ya zauna mata. Idan tun aji biyu aka bar shi a baya, sai bayan shekara bakwai za a gaya wa ubansa. Na biyu, ba ta ƙirga waɗanda suka zube a hanya. Yarinyar da ta bar aji biyar ta koma talla, da yaron da ya koma yaron mota, ba su cikin lissafin da ke jikin ƙyalle. Na uku, makarantar kuɗi tana iya tace waɗanda za ta ɗauka, ta gwamnati kuwa duk wanda ya zo nata ne, da mai littafi da marar littafi, da wanda ya karya da wanda bai karya ba. Don haka ɗora sakamakon biyun a sikeli ɗaya ba adalci ba ne.

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Larabar makaranta ita ce aji biyu da aji uku, kuma abin dubawa shi ne karatu. A 2013 Hukumar Ilimi ta gwada 'yan aji biyu na makarantun gwamnati a faɗin Gana, ana zaunar da yaro shi kaɗai a ba shi ɗan gajeren labari. Aka tarar aƙalla rabinsu ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba, da Turanci ko da harshen gida, waɗanda ke karatu sarai suna fahimta kuwa ba su wuce 2 cikin 100 ba. Da aka maimaita a 2015 labarin bai sake ba. Irin wannan ne ya sa a 2021 aka fara yi wa 'yan aji huɗu jarrabawa ta ƙasa baki ɗaya a Turanci da lissafi, don kada a jira sai ƙarshe.

Yaron zango yana da wani nauyi na daban. Harsunan Gana 11 ne gwamnati ta amince a koyar da su a makaranta, irin su Ga da Ewe da Dagbani da Asante, kuma Hausa ba ta cikinsu. Ma'ana, yaron da ya tashi da Hausa a Nima zai shiga aji ya tarar da Turanci, ya tarar da Ga ko Asante, sannan da yamma ko Asabar da Lahadi ga Larabci a makarantar allo. Yaro ne mai harshe uku ko huɗu a baki, amma ba a fara masa baƙaƙe da wanda ya fi sani ba. Shi ya sa wani zai riƙa zuba Turancin titi kamar ruwa, iyaye na murna, alhali idan aka ajiye masa littafi sai ido.

To ina mafita ga uwar da ba ta yi boko ba? Mafita tana gidanmu tun tuni. A makarantar allo ba a wanke allo sai yaro ya biya wa malam abin da aka rubuta masa, ya kawo shi daidai. Ba a cewa ai ya shekara a nan, a ƙara masa. Kuma kakarsa da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba tana gane mai karatu da mai kame-kame da kunne kawai. Wannan kunnen shi za a kai wa karatun boko. Ki zaunar da ɗanki na aji uku, ki buɗe littafinsa a shafin da ba a kai ba, don kada ya kawo miki hadda, ki ce ya karanta. Idan ya gama ki ce ya ba ki labarin da Hausa. In ya iya, malaminsa na aiki. In ya tsaya yana kallon hoto yana ƙirƙira, to da sauran magana. Lissafi ma haka: ki ba shi cinikin kanti, ki ce an sayi kaza da kaza an ba da sidi 20, nawa ne canji, amma ya rubuta a takarda.

Bayan gwajin gida sai tattaki, domin gani ya kori ji. Na shiga wata makarantar gwamnati a yankin da hantsi, ba ranar taro ba. Ginin ba abin nunawa ba ne, fenti ya koɗe, yara uku a bencin mutum biyu, hayaniyar titi tana shigowa ta taga. Amma a ajin ƙanana na ga malama ta raba yara gida-gida, tana bi tana sa kowa ya karanta layi da yatsa a kan kalma, wanda ya kakare ta koma da shi kan baƙi. Littattafan aikin yaran duk da jan biro da kwanan wata na makon. A wata kuma mai sabon bene, na ga allo cike da rubutu, babban yaro riƙe da bulala yana tsaron aji, kujerar malami ba kowa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Saboda haka idan ka je, ga abin da za ka duba. Malamai suna cikin aji a lokacin darasi? Ana duba aikin yara, ko tun watan jiya rabon littafi da jan biro? Yara nawa ke raba littafin karatu ɗaya? Akwai ruwa da makewayi, musamman na 'yan mata, waɗanda rashinsa ke zaunar da su a gida idan sun fara girma? Sannan ka kwatanta yawan 'yan aji ɗaya da na aji shida, ka tambayi ina sauran suka tafi. Ba sai da faɗa ba. Ka yi sallama, ka gaida shugaba, ka ce: “Malam, ni ne mahaifin wane, na zo in ji inda yake da rauni, da abin da za mu yi a gida.” Malamin kirki murna yake da irin wannan baƙo, domin abin da malaman unguwannin nan suka fi kuka da shi shi ne ba su ganin iyaye sai ranar da aka kori yaro ko aka yi rigima.

Kuma doka ta ba mu wurin zama. Kowace makarantar gwamnati tana da kwamitin gudanarwa da ya haɗa da wakilan iyaye da na unguwa, akwai taron duba ƙoƙarin makaranta inda ake baje sakamako gaban jama'a, akwai jami'in da ke zagaya makarantun yanki daga ofishin ilimi. Tun 2018 Nima tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Ayawaso ta Gabas, Mamobi kuma Ayawaso ta Arewa, don haka ofis ya matso kusa. A 2020 an kafa hukumar NaSIA mai binciken makarantu. Amma jami'i zuwa yake ya tafi, mu ne muke kwana da yaran. Kujerar da aka ware wa zango a kwamiti, idan ba mu zauna ba, ba wanda zai yi maganarmu.

Kafin in juya na tsaya a ɗakin karatu na al'ummar Nima da Mamobi, wanda wata 'yar Kanada, Kathy Knowles, ta taimaka aka buɗe a 1998. Bayan an tashi makaranta yara ke cika shi, wasu da rigar makaranta, wasu da hijabi za su wuce Islamiyya. Mai son sanin ko yaran zango na son karatu ya je can ya gani. Kwaɗayin yana nan, jagora ake nema.

Jama'a, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada mu jira ƙyallen BECE ya gaya mana abin da kunnenmu zai iya ji yau da dare bayan sallar isha'i. Limamai su tuna mana a huɗuba, sarakunan zango su tura wakilai taron makaranta, ƙungiyoyin matasa da ke zaman shayi su ware awa ɗaya su saurari karatun ƙannensu. Makarantar da ta yi ƙoƙari a yaba mata a fili, wadda ta yi sanyi a je a zauna da ita. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilimi mai amfani, amin.