Ƙurar da tsintsiya ba ta iya mata

1/ Masu tambaya ta DM wane aiki nake yi a Kanada: shara da goge-goge ne, a wata gonar wiwi mai lasisi a lardin Ontario. Kafin wani ya kira min NDLEA, ƙasar nan ta halatta shi ga manya tun 17 ga Oktoba 2018, kuma Health Canada ce ke ba da lasisi. A gida kuwa ɗauri ne, kowa ya kiyaye.

2/ Yau zan ba ku labarin sharar da ta fi kowace wahala a aikin nan, wato wanke ɗaki bayan barbara ta ɓata amfani.

3/ Wiwi kamar dabino yake, akwai namiji akwai mace. Mai dabino shi da kansa yake hawa ya kai wa macen garin furen namiji don ta yi 'ya'ya. Nan akasin haka ne. Furen mace ake sayarwa, kuma da zarar garin namiji ya taɓa shi, sai ta koma yin iri. Inganci ya faɗi, farashi ya bi shi.

4/ To ina namiji ya fito a ɗakin da mata zalla aka shuka? Ita macen ce, idan ta wahala, take fitar da furen namiji. A lokacin fure ana ba su awa 12 haske, awa 12 duhu. Haske ya riƙa ɓullowa cikin duhun, ko zafi ya yi yawa, shi ke nan.

5/ Haka ta faru a wani ɗakinmu. Robar bakin ƙofa ta saki, fitilar baranda tana leƙowa cikin dare. Wasu tsirarun shuke-shuke a gefen ƙofa suka yi furen namiji, fankoki suka raba garin ko'ina. Aikin wata biyu ya koma kayan araha, aka rage wa mutane awannin aiki. Masu haya da masu turo kuɗi gida duk sun ji a jikinsu.

6/ Garin nan iska ce motarsa. Masu bincike sun taɓa samun garin furen wiwin Maroko a iskar kudancin Sifaniya, ya tsallako teku. Wanda ya ƙetare teku, bangon ɗaki ne zai tare shi?

7/ Don haka dokar farko: ba a sa tsintsiya a busasshen ɗaki. Mu da muka tashi da sharar tsakar gida mun san a yayyafa ruwa kafin a share don kar ƙura ta tashi. Nan ma haka ne, sai dai ruwan yana ƙarin wani aiki: garin da ya jiƙe ya daina barbara.

8/ Ana fara kashe fankoki da na'urar sanyaya ɗaki. A fesa wa shuke-shuken da za a zubar ruwa, a sa su a leda tun a cikin ɗakin, a ɗaure. Ba a jan su a baranda. Ko zubarwar ma sai an auna, an rubuta, an lalata, don doka ta ce haka.

9/ Sannan wanki daga sama zuwa ƙasa. Silin, bayan fitilu, wayoyi, fukafukan fanka, bango, tebura, daɓe a ƙarshe. Ruwa da sabulu tukuna, maganin kashe ƙwayoyin cuta daga baya. Bilic kuma ba a haɗa shi da wani sinadari, hayaƙinsa na iya kai mutum asibiti.

10/ Inda aka fi shan kunya su ne wuraren da ido ba ya zuwa: matatar iska, cikin bututu, ragar da ake tallafe rassa da ita. Matata da raga ba a lallaɓa su, canzawa ake yi. Irin da ya faɗi a lungu ko magudanar ruwa shi ma sai an tsince, don zai iya tsirowa ya fitar da furen namiji.

11/ Mu kanmu ma'aikata jakunan dakonsa ne. Gashi, gemu, riga, takalmi. Wanda ya shiga ɗakin nan ba ya leƙa wani ɗaki sai ya canza kaya kaf.

12/ Robar ƙofar kuma an canza ta, aka kashe fitilu, muka tsaya cikin duhu muna neman inda haske ke shigowa. In ba a toshe wannan ba, wankin duk aikin banza ne.

13/ Abin da ke ci min rai shi ne, mai shara ne ƙarshe a albashi, alhali amfanin gaba gaba ɗaya yana rataye a kan ko ya goge bayan fitila ko bai goge ba. Ba mai ganin bambanci ranar da aka gama. Sai bayan makonni, in an buɗe fure ba a ga iri ba. A lokacin ma masu shuka ake yaba wa.

14/ 'Yan uwa masu irin aikina a asibiti, mayanka ko kicin, ku faɗa min: wane lungu ne a wurinku kowa ke tsallakewa?