Tukunyar da ke Rataye a Sama

Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya ya san wannan fage, ko da bai taɓa jin sunansa ba. An ɗaure igiya tsakanin benaye biyu, an rataya tukunyar ƙasa a tsakiya, samari suna taka kafaɗun juna, hawa bisa hawa, har ƙaraminsu ya kai ga tukunyar ya fasa ta, farin ruwa ya kwararo wa jama'a. Amitabh Bachchan ya yi haka a Khud-Daar na 1982, Hrithik Roshan ya yi a Agneepath na 2012. A gidajen kallo na Boɗinga da Shagari da sauran garuruwan da ke kan titin Sakkwato zuwa Jega, ana ɗaukar abin wasan nuna jarumta, ana tafi idan jarumi ya kai. Alhali wasan wutsiya ce ta wani babban bikin addini mai suna Janmashtami, wato ranar haihuwar Kirishna, ɗaya daga cikin abubuwan bautar mabiya addinin Hindu.

Labarin da suka gina bikin a kai yana cikin littafinsu Bagabata Purana. A birnin Matura, a bakin kogin Yamuna, an yi wani azzalumin sarki, Kamsa, wanda aka yi wa albishir mai ɗaci cewa ɗa na takwas da 'yar'uwarsa Debaki za ta haifa shi zai zama ajalinsa. Sai ya kulle ta a kurkuku tare da mijinta Basudeba, ya riƙa kashe jariransu har shida. Na bakwai ya tsira. Na takwas ya zo da tsakar dare ana ruwan sama, masu gadi suka ɓingire da barci, ƙofofi suka buɗe, uban ya ɗauki jaririn a kwando ya ƙetare kogi ya kai shi Gokul, ƙauyen makiyaya, inda Nanda da matarsa Yashoda suka rene shi. Da ya girma ya koma ya kashe Kamsa.

Kunnen Musulmi zai ji kamar ya san wasu ƙasusuwan wannan labari: sarkin da ke tsoron jariri, kisan 'ya'ya, ceto ta hanyar kogi. Kamannin iyakarsa nan. A aƙidarsu, wanda aka haifa daren nan abin bautarsu Bishnu ne ya sauko cikin jikin ɗan Adam, saukowa ta takwas a ƙidayar da ta fi shahara, wasu ma suna ɗaukar Kirishna shi ne asalin komai. Saboda haka ban yarda da masu fassara bikin da “maulidin Indiyawa” ba, ko da wasa suke yi. Masu raya Maulidi a ƙasar Sakkwato da masu inkarinsa sun daɗe suna ja-in-ja, amma sun haɗu a kan cewa wanda ake magana a kansa bawa ne kuma manzo, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Tauhidi bai bar ƙofar saukowar Ubangiji cikin jiki ba, ko ƙanƙanuwa. Wannan fassara tana ɓata fahimtar ɓangarorin biyu ne a lokaci guda.

Kusantar kwanakin na iya taimaka wa ruɗun. Ana bikin a dare na takwas bayan cikar wata, cikin Agusta ko farkon Satumba, lokacin da rabin wata ke fitowa wajen tsakar dare. A 2024 ya faɗo ranar 26 ga Agusta, a ƙarshe-ƙarshen Safar, mako uku kafin 12 ga Rabi'ul Awwal. Haɗuwa ce ta ɗan lokaci: kalandarsu tana ƙara wata guda kusan duk shekara uku, don haka bikin yana nan daram a damina, namu watannin kuwa suna zagaya shekara.

Yadda suke raya daren shi ya fi ɗaukar hankalina. Suna wuni da azumi, suna raira waƙoƙin yabo har agogo ya buga sha biyun dare. Sannan a fito da ɗan mutum-mutumin jariri, a yi masa wanka da madara da kindirmo da man shanu da zuma da sukari, a sa masa sababbin tufafi, a kwantar da shi a shimfiɗar lilo, kowa ya zo ya ja igiya. A kudancin Indiya mata sukan zana 'yan sawaye da ƙullun shinkafa daga bakin ƙofa zuwa ɗakin bauta, alamar yaron ya shigo gida. Mai ibada a nan ya tsaya ne a matsayin uwa, abin bautarsa kuma jinjiri ne mai neman a lallashe shi, a ciyar da shi, wani lokaci har a tsawata masa. Ga wanda ya yi karatun allo, ya haddace sifofin Mabuwayi wanda bai haifa ba kuma ba a haife shi ba, da wuya a sami tunanin da ya fi wannan nisa da nasa.

Amma kayan labarin ba baƙi ba ne gare mu. Shanu, sarewar makiyayi, matan da ke ɗauke da nono a ka zuwa kasuwa, uwar da ke burga madara da sassafe: wanda ya taɓa tsayawa shan fura a Shagari ranar kasuwa ya ga rabin wannan duniya da idonsa. An ce yaron ɓarawon man shanu ne na ƙin ƙarawa. Matan ƙauye suka koma rataya tukwanensu a rufin ɗaki, shi da abokansa suka koma hawa kan juna. Abin da samarin Mumbai ke kwaikwayo ke nan washegarin bikin, suna kiransa dahi handi, ma'ana tukunyar kindirmo. Yanzu ya zama gasa mai kuɗi, 'yan siyasa ne ke sa kyauta, ana gina dala mai hawa takwas ko tara, ana faɗowa ana karyewa. A 2014 babbar kotun Bombay ta hana 'yan ƙasa da shekara 18 shiga, ta kuma ƙayyade tsayin da ƙafa 20. A 2017 aka sassauta zuwa shekara 14. Duk inda ɗan siyasa ya ga taron matasa, halinsa ɗaya ne.

Dangantakarmu da Indiya ba ta jiya ba ce. Tun shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori masu gidajen silima suka fara kawo finafinansu Arewa. Iyayenmu da suka yi sakandare a shekarun 1970 da 1980 har yau suna ambaton malaman lissafi da kimiyya Indiyawa. Ranar 26 ga Janairun 1983, Shugaba Shehu Shagari, ɗan wannan gari kuma tsohon malamin makaranta, shi ne babban baƙo a faretin Ranar Jamhuriya a Delhi, zamanin Indira Gandhi. A Kano kuma masu bandiri sun ɗauki karin waƙoƙin finafinan suka ɗora musu yabon Annabi, abin da manazarci Brian Larkin ya yi rubutu a kai. Mun ɗauki karin sauti da salon sutura da yadda ake zancen soyayya, muka bar ma'ana a can, domin da ba ma jin yaren.

Fassarar finafinan zuwa Hausa ta canza wannan lissafi. Yau jarumi yana tsaye gaban gunki yana roƙo da Hausa tsantsa, sau da yawa da kalmomin da muke addu'a da su. Na gane uzurin masu fassara, suna gudun kada su sa wa mai kallo sunan wani abin bauta a baki. Sai dai sakamakon shi ne yaro yana ganin hoto ɗaya, yana jin lafazin wani addini daban a kansa, babu mai ce masa ga inda aka yi ɗinkin. A ganina gara a bar sunan yadda yake, a san bautar wasu mutane ce ake kallo.

Kwanan baya 'yar yayata, mai shekara tara, ta miƙo mini waya tana kallon wani zanen yara na Indiya, ta ce, “Kawu, me ya sa yaron nan shuɗi ne, kuma ba a dukansa in ya saci mai?” Na ce mata sunansa Kirishna, ma'anar sunan a harshensu baƙi ko mai duhun fata, masu zane ne suka mai da shi shuɗi kamar hadari. Na ce mutanen can suna bauta masa, mu ba ma yi, kuma na gaya mata dalili daidai hankalinta. Ta yi shiru, sannan ta tambaya ko shanunsu ma suna da tozo irin na Gudale. Suna da shi.