Taliya a Ƙasar Shinkafa

Da hantsi na taso daga Sakkwato, cikin hunturu, a motar haya da aka cusa mu mu huɗu a baya. Hanyar ta ratsa Argungu, amma direba bai ko rage gudu ba. Ta taga na riƙa hango fadama kore shar, masu noman rani sun duƙufa, injinan ban ruwa na ta tari. Kafin la'asar mun shiga Birnin Kebbi, garin da ya zama hedkwatar jiha a 1991, wanda har yau bai koyi hayaniyar manyan birane ba.

A otal ɗin da na sauka aka miƙo mini takardar abinci, sai na ga an ware wani sashe wai na girkin Italiya. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Na nuna wani suna mai wuyar faɗa, na zauna jira har aka kira magariba. Da farantin ya iso, taliyar leda ce fara fat, ta sandare, an kifa mata tumatirin gwangwani mai tsami da ɗan niƙaƙƙen nama a tsakiya. Na yi loma uku na ajiye cokali. Kuɗin da na biya kuwa, gara kada in faɗa.

Bayan isha'i abokina ya zo, wani malamin makaranta Bakabe da muka yi karatu tare. Da na ba shi labari ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in hau bayan babur. Muka bar kwalta muka kutsa wani lungu, muka tsaya gaban wata rumfar kwano mai benci biyu da fitila mai caji rataye a jikin azara. 'Yan acaba uku na cin abinci, ba mai magana.

"Inna, ga baƙo na kawo miki, mutumin Kano ne."

"Maraba da shi. Zamna nan, ɗana. Da kihi ko babu?"

Taliyarta 'yar murji ce. Da rana 'ya'yanta ke kwaɓa fulawa da ruwa da gishiri, su murza ta a ɗan injin hannu, su shanya siraran a kan igiya kamar wanki. Ta tsamo ta daga tukunya da matsami, ta tsane, ta kwarara manja da aka soya da albasa har ta yi duhu, ta barbaɗa yajin ƙuli, sannan ta ɗora gutsuren soyayyen kifi wanda fatarsa ke ƙaras a baki. Akwai cokali, amma na ga kowa da hannu yake ci, sai na jawo buta. Taliyar ta yi laushi, ta sha mai, yajin na kama harshe a hankali. Ba-Italiye zai ce an dafe ta ta wuce kima, ni kuwa na nemi ƙari.

Muna ci abokina ya kawo zancen sunan. Ana cewa daga kalmar Italiya aka samo "taliya", kuma fataken Larabawa na Tarabulus da Gadamas, waɗanda suka zauna a Kano tun kafin zuwan Turawa, su suka shigo da ita. Inna ta saurare shi har ya gama, ta ce ita dai wurin kakarta ta koya, kuma kakarta ba ta taɓa wuce Jega ba.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda taliya ta samu gurbi a nan. Wannan fa ƙasar shinkafa ce. A Birnin Kebbi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a 2015, ga kamfanin sarrafa shinkafa na Labana a garin, ga na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017. Amma wanda ya wuni cikin shinkafa, ya ci tuwonta da rana, da dare yakan so ya sauya baki.

Washegari muka koma Argungu, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Muka leƙa gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi, muka ga sulke da masu da tambura. Daga nan sai Matan Fada. Ba lokacin bikin kamun kifi ba ne, ruwan kwance yake shiru. Da wuya mutum ya yarda nan ne dubban masunta ke rugawa da homa da gora, bikin da ya samo asali a 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Wani tsohon masunci na gyaran homa a gindin bishiya. Na tambaye shi ko ya taɓa kama giwan ruwa, ya ɗaga hannu daidai ƙirjinsa, bai ce komai ba.

A kasuwa na sayi bandar kifi, na haɗa da ƙunshin busasshiyar taliya da Inna ta ba ni da safe, ta ce in kai wa uwargida. Na rungume ledar a cinya don kada ta karye. Wajen Bodinga motar ta faɗa wani rami, fasinjan da ke kusa da ni ya dafa ledar da gwiwar hannu, na ji ƙarar har cikin raina. Da na isa gida aka buɗe, uwargida ta duba ta ce ba komai, ai dama sai ta kakkarya take zubawa a tukunya.